Buhu Biyu a Sunan Ɗan Fari

Innarmu, wadda duk unguwar Mayo Gwoi ke kira Adda Mahbuba, ba ta taɓa son noma ba. A rugar Lau ta tashi cikin shanu, sai da ciwo ya share garken Baffa, mahaifinmu, sannan muka sauko Jalingo, ta kama fartanya tana tsaki. Amma fa ta iya! Masararta ko maza sai sun tsaya kallo. Da Baffa ya rasu, ni da ita muka riƙe gonar. Ni ne ɗanta na fari, kun kuwa san alkunyar Fulani, sunana ba ya fita daga bakinta. "Kai wannan" nake a wurinta har na yi gemu.

Daminar 1993 gwamnati ta kawo takin zamani mai rangwame. Mai unguwa ya rubuta magidanta, sunana ya shiga, buhu biyu. Takin kasuwa ya fi ƙarfinmu, masarar kuma ta fara yin rawaya. In wannan ya wuce mu, abincin shekara ya tafi. Ranar rabo kuwa ina kwance, babur ya karya mini ƙafa.

Inna ta yafa mayafi, ta ja maƙwabciyarmu Dinatu suka tafi. Dinatu ce ta ba ni labarin yadda aka yi.

Ashe an sha karɓar taki da sunan wasu ana kaiwa kasuwa, don haka malamin rabo, wani baƙo, ya kafa doka: mai karɓa shi zai faɗi sunan da bakinsa, ya dangwala yatsa. Da layi ya zo kan Inna ya ce, "Mama, sunan wa?"

"Na yaron gidana," in ji ta.

"Ba shi da suna ne?"

Dinatu ta yi caraf ta ce, "Hayatu!"

"Ba ke na tambaya ba. Uwar da ba ta san sunan ɗanta ba? Ku matsa."

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Dattawa suka yi ta yi masa bayani, ko a jikinsa. Inna ta koma ƙarshen layi. Ta sake isowa, bakin ya ƙi buɗuwa, ta sake komawa. Rana ta take, buhunan cikin motar takin suna ta raguwa, har ana ganin katakon ƙasa.

Karo na uku ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sunkuya dab da teburin, ta faɗa.

Da la'asar na ji ƙarar amalanke a ƙofar gida, Dinatu ta shigo tana ihu da Hausarta: "Hayatu! Mama naka ya faɗa! Da kunne nawa na ji!"

Na yi dariya, sai kuma hawaye. Daɗi ne ya kama ni, ba na ɓoyewa. Shekara talatin da ɗaya, kuma a ce wani baƙo ne ya ji, ba ni ba!

Inna ta shigo tana goge tawadar yatsa a zane. Na ce, "Inna, don Allah maimaita, sau ɗaya tak."

Ta harare ni, tana danne murmushi.

"An ƙara wani buhun ne? Ka warke da wuri, taki ba ya zuba kansa."