Tasi'u Mai Cire Karta

Tasi'u ya biyo ayarin ma'aikatan da suka baro Kano lokacin da aka yanki Jigawa. Ya sauka a unguwar Takur a Dutse da katifa ɗaya da matarsa Adawiyya, ya samu aikin buga takardu a wata ma'aikata, na wucin gadi. Wucin gadin nan har ya yi furfura.

Da kwamfuta ta zo, manya lulluɓe ta suka yi da zani, suna kewaye ta kamar mai cizo. Shi ya zauna ya koya, ashe wahala ya koyo wa kansa. Duk abin da za a saka ko a sabunta, sai ka gan shi da jakar faya-fayai, ofis-ofis, kamar mai tallan turare. Burinsa ɗaya ne, a tabbatar da shi a aiki, tsufa ya same shi da fansho.

Da shari'ar Musulunci ta kankama a jihar, Darakta, Alhaji Zailani, ya dawo daga wani wa'azi da zafinsa. Wai wasan kartar da ke cikin kwamfutoci ƙanwar caca ce, a cire ta kaf.

"Ka gama wannan, Tasi'u, takardarka na kan teburina."

Kartar nan kuwa ita ke riƙe mutane a kujera har azahar. Da ya iso kan Hajiya Nuriyya, sakatariya, sai ta dafe injinta.

"Malam Tasi'u, ni da wa nake cacar? Ko sisi abin nan bai taɓa ci na ba."

"Umarni ne, Hajiya."

"To Allah ya ba ka ladan, tunda albashin dai ga shi nan."

Kafin ya gama zagaye, ko sallamarsa da ƙyar ake amsawa.

Saura ofishin Darakta. Yana wurin taro, masinja ya buɗe. Duk wanda ya san gwamnati ya san in babba ya ce kowa, to ban da mai faɗa. Tasi'u, bawan Allah, ya cire, har da goge gilashin da hannun rigarsa.

Washegari aka kira shi.

"Wa ya taɓa min inji?"

"Ranka ya daɗe, ai cewa ka yi kaf."

"Na faɗa. Madalla da ƙwazo. Irinku karkara take nema."

Takarda ta fito kuwa, ta canjin wurin aiki zuwa Kiyawa, wucin gadinsa na nan daram. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, wuta kuma sai labari. Adawiyya ta ce, "Kai ka yi wa addini aiki, mu muka sha bulalar."

Bayan damina wani ɗan kwangila ya sabunta injinan Dutse gaba ɗaya. Karta ta dawo cikin kowanne, har ta ƙara kyau. 

A Kiyawa, kullum Tasi'u ya ɗaga zanin kwamfutar, ya goge ta, ya mayar. Masinjoji na gindin darbejiya suna buga karta ta gaske, ta hannu. In mutum ɗaya a cikinsu bai zo ba, sukan leƙo su kira shi. Da farko ba ya zuwa.