Takardun da Na Hura Wuta da Su

Wata safiyar Juma'a, a daminar da na cika shekara goma, na ƙona waƙar Malam Garba tela da hannuna. Babana yana da teburin shayi kusa da tashar Argungu, ni ke hura masa wuta kafin in ruga fadama korar tsuntsaye daga shinkafa. Ran nan icen ya sha ruwa, sai hayaƙi, ni kuma ina sauri. Na hango takardu ƙarƙashin benci, na duba babu Larabci a jikinsu. Abin da muka tashi da shi ke nan: takarda mai Larabci a ɗaga ta a soke a katanga, ta boko kuwa ta naɗe burodi ce da hura wuta. Na cusa su ƙarƙashin tukunya.

Ba shayi kaɗai ke kawo mutane teburin nan ba. Da an fito sallar asuba benci ke cika da masunta masu ƙarnin kifi, da manoman albasa na Augie masu jiran mota, da Malam Bitrus, malamin firamare mutumin Filato, wanda ke karanta jarida da ƙarfi a yi ta musu har shayi ya huce. Juma'a kuwa ta Malam Garba ce. Yakan rera abin da ya rubuta, a yi masa gyara, ya yi fushi, gobe ya dawo. Waƙar da na ƙona ta kogi ce, wata uku yana fama da ita, ya manta ta a nan jiya.

Da ya iso ya laluba ƙarƙashin benci, ya dubi toka, ya dube ni. Babana ya zari ice, sai Malam Garba ya riƙe masa hannu. "Bar shi, Mamman, bai san mi yaƙ ƙona ba." Sannan ya ce mini, "Ka zo shago bayan la'asar, ɗana, in nuna maka baƙaƙen."

Ban je ba. Kunya ta sa na riƙa zagayawa ta bayan kasuwa don kada mu haɗu. Daga fadama na koma kwalekwale, daga nan bin mota, sai kabu-kabu a Birnin Kebbi, ban iya zama wuri ɗaya. Har Malam Garba ya rasu ban je ba.

Yanzu a unguwarmu ta Badariya, nan Birnin Kebbi, teburan shayi sun fi na da yawa, amma kowa kansa a waya, ba mai karanta wa wani komai. Ni kuwa sai da furfura ta fito na shiga ajin manya na koyon karatu. Matata kan yi ƙorafi idan za ta hura gawayi, don sai na karɓi takardar na bi ta baƙi bayan baƙi, tana tsaye tana jira. Ba a sa wa takarda wuta a gidana sai na ji abin da ta ce.