Tokar Ɓawon Lemu

Da aka turo ni Tawa aikin koyarwa, ko labule ban saya ba, don a raina ba zan daɗe ba. Niyyata in ɗan taɓa aiki, in koma Yamai in ƙarasa karatuna.

Ni ce mai koyar da shimi, wato ilimin sinadarai, a wata lise, makarantar sakandare da ke bakin gari. Ni kaɗai kuwa. Wanda na tarar ya yi ritaya, wanda aka ce za a turo bai taɓa isowa ba. Muna da ɗakin gwaji, labo, mai dogayen teburan siminti da famfunan da ban taɓa ganin sun ɗiga ruwa ba. Kwalaben da ke cikin kabad sun girme ni, rubutun jikinsu duk ya goge. Saboda haka da alli nake yin komai. In zana kwalba a allo, in zana ɗigo yana faɗawa ciki, in ce wa yara ruwan ya koma ja, su kuma su duƙa su rubuta ya koma ja. Ba mai musu, ba mai tambaya. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ba don yaran na fara tara ɓawon lemu ba, don kaina ne. Wani malamina na jami'a ya ce in ina son ya karɓe ni a matsayin ɗalibarsa, to in zo da aikin da na riga na fara, ya kuma ba ni shawara in duba abin da mutane ke zubarwa. Azumi na kamawa sai na tafi tasha wurin masu feraye lemu. Ashe ɓawon ma yana da masu shi: matan da ke kiwon ragon layya sun riga ni kama layi. Da ƙyar wani dattijo ya yarda ya riƙa ajiye mini a leda. Maigidana ya gan ni da ledar ɓawon a bayan kabu-kabu, ya ce shi dai bai ga ragon ba tukuna. Shi ne kuma ya amince da tafiyata Yamai tun ban rufe baki ba, har ya ce yayarsa za ta riƙe mana yara.

Aikin ba wuya. In auna ɓawon yana ɗanye a tsohon sikelin labo, in shanya shi har ya bushe ƙayau, in sake aunawa. Sannan in ƙona shi cikin tukunyar ƙasa har ya zama farar toka, ita ma in auna. Da haka na san yawan ruwan da ke cikinsa da yawan tokarsa. Amma abin da ke cikin tokar, kalsiyom ne, ƙarfe ne, da yawan kowanne, wannan sai na'ura, na'urar kuwa tana Yamai. Kullum a nan aikina yake cijewa.

Wata ranar zafi 'yan Tarminal, masu shirin jarrabawar bak ta gama sakandare, suna ta gyangyaɗi a gabana. Haushi ya kama ni. Na jiƙa tokar, na tace da ƙyalle, na ɗauko zoɓon da na saya don in sha, na tsiyaya a kai. Jan nan ya juye ya koma kore shar. Ajin ya kaure, har da masu hawa tebur. Wata yarinya da ba ta taɓa magana a aji ba ta dafe ƙirji ta ce, "Madam, ashe da gaske na!" Ranar na koma gida ina jin daɗin da ban taɓa ji ba tun da na fara aikin.

Labari ya kai wa darakta. Mutumin kirki ne, kuma wannan shi ya fi ba ni haushi, don da mugu ne da na san da wanda nake faɗa. Baƙi na farko da suka zo duba makarantar, labo ya wuce da su kai tsaye. Daga nan abin ya zama al'ada. Da an ji ƙarar mota sai a share labo, a aiko a kira ni ko ina tsakiyar darasi, in saka farar riga, in zuba ja ya koma kore, a tafa.

A wannan tsakanin na nemi iznin tafiya karatu, wanda ba ya wucewa sai da sa hannunsa. Ya karɓe ni da fara'a, har da ba ni kujera.

"Madam, ni hwa ban hana miki ba. Amma in kin tahi, wa za shi riƙe 'yan Tarminal? Ki yi hanƙuri a turo wani."

Gaskiya ya faɗa. Na san yaran nan ɗaya bayan ɗaya, na san waɗanda suke zuwa daga ƙauye ba su karya ba. Na ce to, baɗi. Baɗin ta zo, ta sake zuwa, amsar ba ta canza ba. Tokar ta cika mini gwangwanaye, na kai matsayin da ko warin lemu ba na son ji. Malamina da ke kirana a kai a kai ya rage kira. Daga ƙarshe ya ce mini ritaya yake shirin yi, in ban zo bana ba, shi kam bai san wanda zai karɓe ni ba.

A shekarar ce aka turo mana malamin shimi na biyu, wani magidanci daga wajen Bambeye, mai sanyin magana, muna ce masa Mushe kamar yadda ake kiran malamai maza a nan. Na karɓe shi kamar ruwan farkon damina. Na zaga da shi aji aji, na gaya masa halin kowane yaro. Darakta ya cika alkawari, ya sa hannu, takardata ta wuce ofishin ilimi na jiha. Na fara ɗaure kaya, yayar maigidana ta zo ta ga ɗakin da za ta zauna.

Ana haka sai ga baƙi daga wannan ofishin. Da aka kira ni, da murna na tafi, ina cewa a raina na ƙarshe ke nan. Ban taɓa yin gwajin da kyau kamar ranar ba. Na sa yaran da kansu suka tace, suka zuba, suka yi bayani ba gargada. Babban cikin baƙin ya daɗe yana gyaɗa kai, sannan ya juya wurin darakta.

"Wagga lakkwal ba ta da matsala. Da Madam kaɗai ta wadatu. Ga malami biyu nan, can arewa kau babu ko guda."

Aka yi dariya, aka tafa, ni ma hannuwana suka tafa. Ba a jima ba aka mayar da sabon malamin wata makaranta can gaba da Barmu, takardata kuma ta dawo da cewa sai an sami wanda zai maye gurbina. Na kira malamina na gaya masa. Ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

Ranar da sabon malamin zai tafi na raka shi tasha. Ana ɗaure katifarsa a saman mota sai ya matso, cikin jin nauyi.

"Madam, can an ce ko labo babu. Ki gwada mini yadda kike yin abin ga na toka, ko ɗiyan su ga wani abu da idonsu."

Na dube shi, ga matarsa da goyo a cikin mota, shi ma na san yana da burin komawa karatu. Na gaya masa duka, tun daga shanya har zuwa tacewa, ban rage komai ba. Yana ta godiya, direba ya tada mota. Na bi shi har bakin taga.

"Mushe, ka gwada ma ɗiya. Amma in ka ji motab baƙi, ka ɓoye."