Keken Da Zai Iya Da Ni

Inna ta ce tun da ta goya ni bayanta bai sake miƙewa ba. Da na shiga sakandare a Gummi, tafiyar ƙasa ta zame mini azaba. Kafin in ja jikina in isa an rufe ƙofa, sai bulala. Baba ya ce in ya sayar da shinkafa zai saya mini keken gwanjo, amma sau ɗaya tak. In ya karye, in koma ƙafa.

Ranar kasuwa muka je. Idona ya faɗa kan wani ja mai giya, tayoyinsa sirara kamar taliya. Mai kekunan ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, sannan daga gefe zuwa gefe, wanda ya fi ɗaukar masa lokaci.

"Alhaji, wanga yaro za a saya ma?"

"Shi."

"To a yi shaida. In ya hau ya karye, an saya."

Baba ya ɗora tafin hannu a kan sirdin jan keken ya danna. Hannu kawai fa! Gargaren baya ya yi wani kuka kamar ɗan akuya. Baba ya janye hannunsa, ya ce Allah ya haɗa shi da mai rabo.

Sai mutumin ya jawo wani baƙi daga can baya, wanda ya ce na wani mai itace ne. Ba fenti, ba ƙararrawa. An sake ɗaure ƙafar baya da wayoyin sifok na babur, kowanne ya kai kaurin yatsana. Kuɗinsa ma bai kai na jan ba.

Na ce, "Baba, wanga ai tare da kakana aka haife shi."

"Hau."

Na hau. Ina shirin taka feda na ji keken ya nutse. Na waiga, sai ga Baba ya tattare riga ya zauna daram a kariyar baya! Shi kuwa a wurinsa na gaji wanga jikin. Bai tsaya nan ba, ya sa aka ɗora masa rabin buhun shinkafa a cinya.

"Baba, in ya karye fa an saya!"

"Gara shi karye nan da shi karye maka a hanya. Taka!"

Kasuwa ta tsaya cak. Mai rake ya bar rakensa, masu kifi suka miƙe tsaye. Na rasa addu'ar da zan yi. In ya karye, na koma ƙafa. In bai karye ba, wannan dodon ne nawa har in yi gemu.

Na taka. Muka zagaya rumfar masu gishiri muka dawo, gumi har cikin kunnena, keken ko tari bai yi ba.

A gida Inna ta zagaya shi tana riƙe da haɓa.

"Ku biyu ya ɗauka? Har da shinkafa?"

Na ce ƙwarai, ina hura hanci.

Ta shige ɗaki. Na ɗauka tukwici za ta kawo. Sai ga ta tana jan buhun dawa, ƙanwata na biye da jarkoki.

"Ka fara kai niƙa, ka biyo da ruwa." Ta ɗaga murya ta kan katanga. "Maƙwabta! Mai niƙa ta fito da shi, mun yi mota!"