Wazirin Rum da Ƙanzon Iya

Lokacin da muke yara a Ƙarfi, takarda sai fatake sun kawo ta daga Tarabulus. Yau kowace kasuwa akwai ta. Bayan an ci tuwo, kakarmu Iya kan zauna bakin murhu tana kaɗi, ni da ɗan baffana Sani muna gefenta.

Labarin da ta fi so, daga kakanmu bafatake ta ji shi. Wai wani wazirin Rum ne, Banasare, ya yi wa sarakuna hidima har furfura ta fito masa. Da yaƙi ya ci ƙasar, sai ya ajiye sarauta, ya koma gonar ubansa a bakin teku, ya haƙa tafkunan kifi. Ya tara masu ibada, ya sa su kwafar tsofaffin littattafai don kada su ɓace.

A nan takan tsaya ta dubi Sani. Shi ke kankare mata baƙin tukunya yana haɗa tawada da ƙaro, don haka ƙanzo nasa ne kullum.

"Angona mai hannun waziri," in ji ta, sannan ta juyo gare ni. "Kai kuwa tsohon miji, ƙafarka ƙaiƙayi take yi."

Dariya ake yi, ni kuwa abin yana ci na. Ran nan na zubar da tawadarsa a toka na ce akuya ce. Iya ba ta yi faɗa ba. Ta dai miƙa masa wata tukunyar, da ƙanzonta.

Na rantse sai na ga abin da Sani bai gani ba. Na bi ayari, na iya Larabci da Barbarci, har a Tarabulus wani limamin Nasara ya tabbatar mini an yi wazirin nan. Na ɗauko wannan labari kamar guzuri, don Iya ta ji daga bakina.

Na tarar ta shekara uku a kabari. Sani yana zaure, ya kwafe littattafan kakanmu kafin gara ta gama da su, malamai daga Tsiga da Dayi suna zuwa aro. Ya saurare ni, ya ce, "Ashe gaskiya ne," ya ci gaba da fiƙe alƙalami.

Harsunan da na tara tare za a binne mu. Rubutun Sani yana hannun mutane, kuma gidanmu yanzu da sunansa ake kwatance.