Gwanin da Ba a Faɗi Sunansa Ba

Rannan ina cikin aji a Dutsin-Ma, ina fama da yara kan kalmomin Turanci, ina nuna masu cewa Bature ya ware kalmar wanda zai iya yin abu daban, ta wanda hannunsa ya faɗa daban, sai iska ta kwaso mini ƙamshin ƙasar gini da ake kwaɓawa a bayan makaranta. Wallahi sai na tsaya da alli a hannu. Ni ai ba a littafi na fara sanin wannan bambanci ba, a gidanmu na Rawayau na san shi.

Wata shekara marka ta yi yawa, rumbunmu na ƙasa ya zube, ga gero ya fara nuna a gona. In ba a tada wani ba kafin girbi, abincin shekara ya zama rabon gara da awaki. Kakana ne maginin rumbu na duk yankin, amma tsufa ya sa hannunsa rawa, ko moɗa sai an riƙe masa. Baba kuwa ƙarfi ba a magana, kuma tun yana yaro yake kallon aikin. Ya ce ai ya iya.

Ya iya ɗin, amma da gaggawa. Yana ɗora ƙasa kan ɗanyar ƙasa, kafin a ce me gini ya kai ƙugu, ya fara tumbi ta gefe guda. Kakana na zaune gindin bishiyar bedi yana gani, abin na cin ransa, ba halin magana. Kun san halin mutanen da. Baba ɗan fari ne, Kakana bai taɓa kama sunansa ba, ba ya haɗa ido da shi, balle ya zauna koya masa aiki. Sai dai ya ce "wancan".

Ni kuwa jika ce, abokiyar wasa, bakina ba linzami. Kakana ya kira ni, ya ɗaga murya yadda na bayan danga ma zai ji.

"Amarya, taho ki gina mani rumbu, in ga ko kin isa aure."

Na ce, "Wa zai auri tsoho mai haƙori biyu?"

Na dai zauna na fara ɗan rumbuna na wasa. Yana ta yi mini faɗa. Ƙasar nan ba ta ruɓa ba, a ƙara mata ciyawa a bar ta ta kwana. A ɗora zagaye ɗaya, a tafi, sai ta sha iska. Hannu ɗaya ciki, ɗaya waje, su riƙa jin juna. "Sauri kan haifi nawa, amarya."

Haushi ya kama ni, don ni ban ga laifin rumbuna ba. Da na waiga sai na ga Baba ya ba mu baya, hannunsa ya tsaya cak. Can ya ɗauki fartanya ya rushe ginin nan kaf, ya koma tushe.

Haka muka yi ta yi kullum, ni ake wa faɗa, shi ke gyarawa. Ana kawo dammunan gero na farko rumbu ya bushe. Kakana ya dogara sanda ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Sannan ya dube ni.

"Amarya, wanda ya gina wannan gwani ne."

Baba ya sunkuyar da kai ya shige bayan gida, ya daɗe bai fito ba.

Yanzu buhuna ake jibgewa a ɗaki a zuba magani, ba mai neman maginin rumbu. Iyaye na kiran 'ya'yan fari da suna, har su rungume su a gaban mutane, ni ma haka nake yi, ban kuma ce laifi ne ba. Baba ya tsufa. Da na je gaishe shi kwanan baya na tuna masa zancen, ina dariya. Shi bai yi dariya ba.

Ya ce, "Duk zamanmu da shi, yabon da ya taɓa yi mani ke nan. Shi ma ke ya faɗa wa."