Yadin Tace Ruwan Inna

Bakori zuwa Kawo

Ana idar da sallar asuba na rataya jaka. Inna ta biyo ni har ƙofar gida tana mita: "Yanzu saboda ƙyalle za ka tafi har Kaduna?" Ciwon ciki ne ya sa ta gaba. Likita ya ce ta riƙa tafasa ruwan rijiya, ita kuwa ta ce tafasasshen ruwa salam yake, ba za ta sha ba. Shi ne aka ba ni labarin wani farin yadi da ba saƙa shi ake yi ba, danne zarensa ake yi da zafi har ya haɗe, yana tare dattin da ɗankwali ke bari ya wuce.

A Funtuwa na canja mota, na karya da waina. Bayan Zariya wani soja ya leƙo ya ce, "Me ka ɗauko?" Na ce, "Ƙuli-ƙulin kawuna." Ya yi dariya ya ce mu wuce.

Babbar Kasuwa

Na sha yawo kafin na dace. Mai shagon ya ce, "Ka taki sa'a, wannan kaɗai ya rage, sabon kaya sai bayan sallah." Na naɗe abina na rungume.

Hayin Banki

Gidan Kawu Sale na sauka, ƙanen Inna, mai buga hotuna a jakunkunan biki. Ya shafa yadin, ya ja da ƙarfi, ya ce, "Kai, wannan ba ya yagewa, bugu a kansa ba ya koɗewa." Na so in gaya masa abin da za a yi da shi, amma tuwon shinkafa ya ɗauke min hankali.

Washegari na je gaishe-gaishe Rigasa. Na dawo na tarar da yadina a shimfiɗe, fuskar marigayiya kakata ta cika shi, tawada ta kama ram. Kawu sai murmushi yake. "Tsarabar Yaya ce. Gara ta cinye hoton da ke wurinta, nawa kaɗai ya saura."

Raina ya ɓaci, amma wa zai yi wa Kawu faɗa yana share ƙwalla? Na ce, "An gode, Kawu."

Gida

Tun daga tashar Kawo nake tunanin ruwan Inna. Na iso da la'asar, na miƙa mata ƙunshin. Ta buɗe, ta daɗe tana shafa fuskar mahaifiyarta.

Na ce, "Inna, shi ne yadin tace ruwan. Ya lalace."

Ta harare ni. "Uwata za ka tsoma a ruwan rijiya? Ɗauko min itace, yau zan fara tafasawa."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Kawu. Inna tana shan ruwanta tana yatsina fuska, hoton na rataye a samanta.